Na sayi tsohuwar Corolla a Winifeg ga sanyi ya ƙarato, me zan fara gyarawa?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka daɗe a ƙasashen nan masu ƙanƙara ku taimaka min da shawara, ni dai tsoro ya fara kama ni. Watan Mayu na sauka Winifeg da ke lardin Manitoba a Kanada karatu, to da na samu ɗan aikin dare a wani sito can bayan gari inda bas ba ta kaiwa sai ka sauka ka taka kusan minti 25, shi ne na daure na tattara 'yan kuɗina na sayi Corolla 2007 atomatik a hannun wani dattijo, ta ci kilomita dubu 240 da ɗoriya. Tsakani da Allah duk lokacin zafin nan ba ta taɓa ba ni kunya ba, kik ɗaya take tashi, ba ta shan baƙin mai, sai dai ɗan ruwan lagireto da yake raguwa wanda sau biyu ko uku na cika mata da ruwan famfo kamar yadda muka saba a gida.

Yanzu ga Oktoba ta shigo, shekaranjiya da asuba na fito na tarar gilashi ya yi fari fat, na ɗauka raɓa ce na kunna waifa sai na ji ƙarrr, ashe ƙanƙara ce ta manne, da katin banki na kankare wallahi. Kuma ranar sai da ta ɗan yi nishi kafin ta tashi. Mainos 4 ne fa kawai. Abokin aikina ɗan Filifin har da riƙe ciki yana min dariya wai ai ba a fara komai ba, in jira Janairu in ga mainos 30.

To kowa da abin da yake faɗa min, wannan ya ce taya wancan ya ce batir, wani ma cewa ya yi sai na dinga jona motar a lantarki da daddare kamar waya, ni na ɗauka zolaya ce, motar fetur me ya haɗa ta da soket? Abin da zan iya fitarwa bai wuce dala 900 ba daga nan zuwa ƙarshen Nuwamba don kuɗin makaranta na jira na a Janairu. Me zan fara yi, me zai iya jira? A waje take kwana bayan gidan da nake haya, babu gareji. Ni sanyin da na sani na hunturun Kano ne, ka shafa basilin ka sha kunu da zafinsa shi ke nan.

Alhajin Pembina:

Wa alaikumus salam ƙanena, barka da zuwa. Shekara 13 ina tuƙi a garin nan, na yi tasi na yi babbar mota, kuma motata ta farko ma tsohuwa ce irin taka, don haka zauna ka ji.

Duk cikin dogon bayaninka abin da ya tayar min da hankali ba batir ba ne ba taya ba, ruwan famfon nan ne da ka ce ka zuba har sau uku. Wannan ɗabi'ar da a Ƙofar Ruwa ka baro ta kafin ka hau jirgi. Ruwa in ya daskare kumbura yake yi, kusan kashi 9 cikin ɗari yake ƙaruwa, ai ka taɓa mantawa da kwalbar lemo a firiza ka ga yadda take yi, to haka zai yi maka a cikin inji, ya tsaga lagireto ko ya tsaga bulok ɗin kansa, kuma in bulok ya tsage a motar 2007 sai dai a kira masu jan mota su kai ta inda ake sayar da ƙarfe a kilo. Kulan, wato ruwan lagireto na musamman mai hana daskarewa, da aka haɗa rabi da rabi da ruwa yana jurewa har wajen mainos 37, wanda Toyota ke sayarwa a nan Kanada mai ruwan hoda an riga an haɗa shi 55 da 45 ne, yana kai wajen mainos 42. Duk kofin ruwan da ka ƙara ka tsinka shi ka rage masa wannan ƙarfin. Akwai wani ɗan abin gwaji kamar sirinji mai ƙwallon roba a kai, shagunan kayan mota na sayar da shi bai wuce kuɗin abincin rana ba, ka zuƙo ruwan ka ga inda allurar ta tsaya. Inji a sanyaye fa, kar ka kuskura ka buɗe murfin lagireto da zafi. In bai kai mainos 35 ba a juye duka a sa sabo. Kuma kar ka ce bari in yi wayo in ɗura zallan mai kaurin ba ruwa, abin mamaki shi zallansa ya fi saurin kamawa, wajen mainos 13 ya daskare. Sannan tambayar da ba ka yi wa kanka ba, ina ruwan yake tafiya? Lafiyayyar mota ba ta shan kulan. Ko wata fam, wato famfon da ke zagaya ruwa a inji, ta fara zufa ko hos ko murfin ne ya gaji, a duba. In kuwa kana jin wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi idan ka kunna hita kuma gilashi na yin maiƙo ta ciki, to ɗan lagireton hita ne da ke bayan dashbod, Allah ya sa ba shi ba ne don aikinsa akwai cin kuɗi.

Batir kuma, nishin da ka ji a mainos 4 sallama yake yi maka. Sanyi na cinye ƙarfin batir, a mainos 18 wajen rabinsa ya tafi, kuma daidai lokacin ne baƙin mai ya yi kauri kamar zuma inji na neman ƙarfi fiye da kullum kafin ya juya, ka ga an haɗu ke nan. Ka ɗaga bonet ka duba sitikar kwanan wata a jikinsa, in ya kai shekara 4 ko 5 kar ka tsaya jayayya da shi. Shagunan kayan mota da yawa kyauta suke gwadawa, ka ce su gwada har da altaneta, in mota na aiki ya kamata ka ga wajen bolt 14. In za ka sayi sabo lambar da za ka kalla ita ce CCA, wato ƙarfin da zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a mainos 18, ka nemi 600 zuwa sama. Farin garin nan da ke taruwa a kan batir ka wanke shi da bakin soda da ruwan ɗumi ka ɗaure kan da kyau. Abu ɗaya da ba kowa ya sani ba, cikakken batir ba ya daskarewa a sanyinmu na nan amma wanda ya zube yana daskarewa tsaf, in ka ga cikinsa ya kumbura kar ka jona shi da wata mota, fashewa zai iya yi a fuskarka. Kuma ka cire ranka daga zancen yara ku zo ku tura, atomatik ce, ko da manuwal ce wa zai tura maka a kan santsi ƙarfe 6 na safe.

Maganar soket ba zolaya ba ce. Ba batir ake caji ba, wani ɗan ƙarfe ne mai zafi da aka soka a jikin inji, bulok hita ake ce masa, yana ɗumama injin kafin ka tayar. Ba ka lura da 'yan sandunan da ke tsaye a wuraren ajiye mota kowanne da soket ba? Aikinsu ke nan. Motar da aka saya a Manitoba da wuya ka same ta babu shi, ka tsuguna ka leƙa ta gaba wajen lamba, ko ka bi gefen batir, za ka ga wata waya mai baki uku an naɗe ta an ɗaure. Ka bi wayar da hannu tun daga baki har ƙarshe, in ta tsattsage ko ta yi kore a baki ka canza, tsohuwar waya tana tayar da gobara a mota. In ka jona inji na sanyaye ka kasa kunne, wani lokaci za ka ji ɗan tsss kamar butar shayi ta fara, ko ka dawo bayan awa biyu ka taɓa jikin injin ka ji ɗumi. Ni daga mainos 15 nake fara jonawa, awa 3 zuwa 4 ta isa, kwana a jone ɓarnar wuta ce kawai, ka sayi taima ta waje. Wayar ƙarin ma ta waje za ka saya wadda aka yi don sanyi, ta cikin ɗaki sandarewa take yi kamar rake ta karye. Kuma don Allah ka dinga rataya wayar a madubin ɓangaren direba, don babu wanda ya zauna a garin nan bai taɓa jan mota da waya a jone ba, ni sai da na ja tawa tana bin kwalta kamar jela tun daga gida har fitilar hanya ta biyu wani na min hon ina ganin rashin kunya ce.

Ruwan wanke gilashi ma ka fesar da na zafin da ke ciki tun yanzu ka zuba mai rubutun mainos 40 ko 45. Taya zan bar wa wasu, an kira la'asar.

Bakaniken Panteka:

Salam oga. Ni dai bantaba zuwa kasar kankara ba, sanyin da nasani bai wuce na Jos ba da naje aikin wata Hiace a Disamba, amma motocinku suna zuwa hannuna a Kaduna kullum don haka bari insa baki. Wallahi yau Alhaji ya warwaremin wani abu, motocin Kanada da ake kawowa da yawa muna ganin wannan wayar mai baki uku a gaba, yarana har gardama sukeyi wai ta cajin batir ce, mu dai yankewa mukeyi mu yar, ashe hita ce.

Abinda zance ka duba shine tamostat, dan abin nan dake tare ruwa kar ya zagaya lagireto sai inji ya dau zafi. Mu anan gaskiya da mota ta fara obahitin abu na farko da ake cirewa kenan a hada fanka dairek, nasan ba daidai bane amma haka kwastoma keso. To kai a can idan babu shi ko ya makale a bude inji bazai taba daukar zafi ba kuma hita bazata baka komai ba sai iska mai sanyi. Gwajin ba wuya, ka tuka minti 10 zuwa 15 ka kalli allurar zafi, inta hau kusan tsakiya ta tsaya lafiya lau, in tana kwance a kasa ko tana sauka idan ka hau babban titi to ya mutu. Ka duba fanbel in ya fara tsagewa, ka matsa hos din lagireto da hannu kaji in yayi laushi kamar biredi ko ya bushe kamar kashi, fulogi ma in ba'a taba canzasu ba a canza. Sannan ka sa a daga motar a duba karkashi, abinda ke kashe motocinku tsatsa ne saboda gishirin da akace ana watsawa a titi, na taba karbar wata Camry waje fes kamar amarya amma da muka shiga rami bututun birki da yatsa na bare shi kamar bawon gyada. Wannan shi yafi bani tsoro akan tsohuwar mota.

Bakin mai kuma tunda ta ci dubu 240 ni da zan baka shawara ka sa mata mai kauri 20W-50, tsohon inji shi yakeso, anan duk tsofaffin Corolla shi muke basu.

Maman Hanan:

Oga bakanike Allah ya saka da alheri amma wannan shawarar ta ƙarshe a bar ta a Panteka, masana za su zo su yi bayani.

Ƙanena ni 'yar Damagaram ce ina Montiriyal shekara 8, aikin kula da tsofaffi nake yi gida-gida don haka ko ana ruwan duwatsu sai na fita. A nan Kubek ba ma zaɓi ba ne, doka ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris sai da tayar sanyi, ku can Manitoba ba a tilasta ba shi ya sa mutane ke wasa da abin. Shekarata ta farko na ce ai sai Disamba doka ta ce bari in jira albashi, tsakiyar Nuwamba aka ɗan yi yayyafi da dare ya daskare, da safe na gangaro wata 'yar gangara ina tafiya a hankali kamar mai rakiyar amarya, na taka birki sai na ji yana karkarwa a ƙafata grrr grrr, na tsorata na ɗauka wani abu ya karye na ɗage ƙafa, mota ta tafi abinta sitiyari ya zama kamar na wasan yara sai da na daki gefen titi. Ba wanda ya ji ciwo alhamdulillahi amma ƙafar gaba ta lanƙwashe, kuɗin gyaran ya fi kuɗin tayar da nake gudu. Daga baya aka ce min karkarwar nan ABS ne, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, yake aikinsa, dannewa ake yi a riƙe a ci gaba da juya sitiyari, ba wanda ya taɓa faɗa min. Ka samu fili babba da babu kowa ranar da aka fara dusa ka gwada birkin a hankali ƙafarka ta san shi.

Ba zanen taya kaɗai ba ne, robar ce. Tayar da ake ce wa ta kowane lokaci da zafi ya sauka ƙasa da digiri 7 take fara taurin kai, a mainos 25 kuwa kamar ka sa wa mota takalmin katako. Ka nemi mai hoton dutse mai kai uku da furen ƙanƙara a ciki, ita ce ta gaske. Huɗu za ka saya ba biyu ba, in ka sa biyu a gaba kawai bayan motar ne zai zagayo ya gaishe ka a kwana. Da kuɗinka sai dai ta hannu, ba laifi, amma ka duba lamba huɗun ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen tayar, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, 3521 ke nan mako na 35 a 2021, in ta haura shekara 6 ka bar musu kayansu ko zanen na ƙyalli, kuma zurfin zanen kar ya gaza milimita 6. Iska ma ka dinga dubawa don sanyi na rage ta, duk saukar digiri 5 ko 6 wajen fam 1 ke tafiya, adadin da ya dace na rubuce a jikin ƙofar direba.

Sai abin da ya fi damuna tunda ka ce aikin dare kake yi a bayan gari. Ka ajiye bargo mai kauri a kujerar baya ba a but ba don but na iya ƙin buɗuwa, safar hannu da ta ƙafa da hula, ƙaramin shebur, tocila, wayar jona batir, cajar waya, ɗan dabino ko gyaɗa, da burushin share dusa mai abin kankara a gindi ka huta da katin banki. Tanki kar ya sauka ƙasa da rabi, in ka maƙale a hanya man nan shi ne hitarka. In hakan ta faru kar ka fita neman taimako da ƙafa cikin dare, ka zauna a mota, amma kafin ka kunna inji ka zagaya ka share bakin salansa. Wannan ba wasa ba ne, in dusa ta toshe salansa hayaƙin ciki yake dawowa, ba shi da wari ba shi da launi barci kawai za ka ji, duk sanda aka yi babbar dusa a nan sai an yi ta gargaɗi saboda iyaye na sa yara a mota su kunna musu hita su tsaya share dusa. Tsohuwar mota irin taka ka sa a duba salansar ma ko ta huje ta ƙasa.

Af, kuma ruwan zafi a gilashi a'a, na ga maƙwabcina ya yi da butar shayi, tsagewa ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan.

Injiniya ba satifiket:

Oga na Panteka da girmamawa, 20W-50 a Winifeg kisan kai ne ga inji. Lambar farko da ke gaban W ita ke nuna yadda mai ke gudu cikin sanyi, ƙaramar lamba ta fi gudu. 20W a mainos 30 in ka kifa galan sai ka gama shan shayi bai zubo ba, ko mota ta tashi saman inji zai yi ta gugar ƙarfe da ƙarfe kafin mai ya iso. Corolla 2007 5W-30 aka rubuta mata, ka duba murfin da ake zuba mai za ka gani, ka sa sintetik in da hali, 0W-30 ma ya yi. Amma maganar tamostat da bututun birki gaskiya ka faɗa ɗari bisa ɗari.

Abu biyu zan ƙara. In ka ji rediyo ta ce mainos 28 amma da iska kamar mainos 40 ne, wannan lissafin fatar mutum ne, ƙarfe ba ya sauka ƙasa da ainihin sanyin da ake yi, iska dai tana sa ya yi saurin hucewa. Na biyu mutanenmu na son barin mota a silo minti 20 wai tana ɗumama, ɓarnar mai ce, ba zamanin kafireto da cok muke ba, minti ɗaya ko biyu ka ja a hankali kar ka taka totur da ƙarfi, a tafe inji ya fi saurin ɗaukar zafi kuma giya da sauran ƙafafu ma a tafe suke warwarewa. Gajerun tafiye-tafiye ne ma matsala, batir ba ya samun mayar da abin da kik ya ci ga hita ga fitila duk a kansa, sai ka buɗe murfin mai ka ga wani fari-fari kamar madara, raɓa ce da ba ta samu zafin ƙonewa ba. Sau ɗaya a mako ka ba ta tafiyar rabin awa a Perimeter, babban titin da ya zagaye Winifeg. Gilashi in yana yin hazo ta ciki ka kunna AC tare da hita ka kashe maɓallin da ke juya iskar ciki, AC na tsotse danshi.

Alhajin Pembina:

Injiniya na yarda da kai a kan mai, ban yarda da kai a kan minti ɗaya ba. A Toronto kake ko? Na sani. Ranar da aka tashi da mainos 33 a nan kujera kamar bencin makarantar allo take, taya ta kwana ta yi gefe huɗu kana tafiya tana dum dum dum, numfashinka na sauka a gilashi yana zama ƙanƙara ta ciki, in ka ja mota a minti ɗaya kafin ka kai kwanar layi ba ka ganin komai. Ni ba don inji nake jira ba, don idona nake jira. Minti 20 ya yi yawa na yarda, amma ba na motsawa sai gilashin gaba ya washe, in an jona bulok hita bai fi minti 5 ba. Kar dai ka bar ta a kunne da mukulli ka koma ciki shan shayi, ana ɗaukewa.

Ɗan Fagge ga sauran ƙananan da na manta. Birkin hannu in wuri a shimfiɗe yake kar ka ja shi ya kwana, a tsohuwar mota wayarsa na daskarewa ka wayi gari ƙafar baya a kulle, P ta isa. Robar bakin ƙofa ka shafa mata silikon don kar ta manne, ɗan maganin narkar da ƙanƙarar mukulli kuma a aljihun rigarka zai zauna ba a cikin motar da ka kasa buɗewa ba. In kana ajiyewa a bakin titi wani lokaci ka dinga bin sanarwar hana fakin ta share dusa, ja suke yi. Game da taya MPI, hukumar inshorar motoci ta Manitoba, na da tsarin rance a biya kaɗan-kaɗan, sai dai akwai ruwa a kai, ni ban shiga ba, na faɗa maka ne don kar ka ji a wani wuri ka ce na ɓoye. Ka yi saurin kama layi wajen masu ɗaura taya, ranar da dusar farko ta sauka duk garin can yake kwana.

Ɗan Fagge:

Jama'a Allah ya saka muku da alheri ya ƙara arziki, Baba Alhaji Allah ya ja kwana, Anti Maman Hanan na gode ƙwarai har na sa bargon a baya tun daren jiya. Ga yadda ta kaya. Na sayi ɗan sirinjin na gwada, allura mainos 19 ta tsaya, gumi ya karyo min a cikin sanyin nan, wato da ban yi tambayar nan ba da Disamba ba za ta ƙare da injin ba. Na kai ta gareji aka ɗaga, wata fam ce ke zufa har ta yi wani ɓawon hoda-hoda a gefe, an canza ta tare da fanbel an zuba sabon kulan da 5W-30, Oga na Panteka ka yi haƙuri an fi ka yawa, amma na sa ya duba bututun birki kamar yadda ka ce ya ce akwai tsatsa sama-sama bai ci ciki ba, tamostat ma lafiya. Batir sitikarsa ta nuna ya haura shekara 6, da aka gwada mutumin kai kawai ya girgiza, na sayi sabo mai CCA 640 na ɗaura da kaina a bakin shagon.

Wayar bulok hita kuwa na same ta, tana maƙale a bayan lamba an ɗaure ta da wata 'yar roba, bakin ya ɗan tsage na canza wayar. Soket ɗin ma ashe yana nan a jikin katangar bayan gida daidai inda nake fakin, wata biyar ina ganinsa na ɗauka na injin yankan ciyawa ne. Na jona jiya don gwaji na ji tsss ɗin da Baba ya ce, har na tsaya ina murmushi ni kaɗai a lungu.

Matsalar yanzu abin da ya rage a hannuna dala 280 ne. Na ga wasu tayoyin sanyi huɗu na hannu masu hoton dutsen, lambarsu ta nuna shekara 3, mai su ya ce 240 amma babu rim, kuma an ce min in babu rim na daban duk shekara sau biyu zan dinga biyan kuɗin cirewa da ɗaurawa. Ko akwai wanda ke da tsofaffin rim na ƙarfe inci 15 masu noti biyar da za su shiga Corolla ya sayar min da sauƙi, ko in biya a hankali?

Alhajin Pembina:

Kar ka bari tayoyin su wuce ka, je ka karɓo yau amma ka auna zurfin da kanka kar ka yarda da hoto. Rim ina da huɗu a shagon bayan gida na tsohuwar Corollar uwargida, sun yi tsatsa ba kyan gani amma ba su lanƙwashe ba. Ka same ni bayan Juma'a a masallacin Waverley, ka zo da but a share, kuma ka zo da safar hannu don ba zan taya ka ɗauka ba, bayana ya ƙi.